Gwanki Ya Koma Inuwar Damisa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani daji mai nisa, tsohon Zaki ya mutu bai bar magaji ba. Sai namun dawa suka taru a gindin kuka, suka ce daga yau babu gado, zaɓe za a riƙa yi. Mai son mulki ya fito ya tsaya, kowa ya ɗauki tsakuwa ya ajiye a gaban gwaninsa. Wanda tarinsa ya fi tsawo, shi ne shugaba har wa'adinsa ya cika.

Sai Gwanki ya fito, sai Damisa ta fito. Su Barewa da su Gada da su Zomo duk suna bayan Gwanki. Amma ana gobe zaɓe, Kura, 'yar aiken Damisa, ta bi kwazazzabo da kurmi tana rabon kanwa. Wasu suka lasa, suka manta wa ke cin wa. Da aka auna tarin tsakuwa, sai na Damisa ya ɗara da kaɗan.

Kafin azahar ƙofar Gwanki ta zama fayau. Har Carki, maroƙinsa da ke zama a bayansa yana masa kirari, ya tashi ya koma reshen da Damisa ke hutawa. Gwanki ya kwanta, ya ƙi ci, ya ƙi sha.

Sai ga tsohuwar Gada ta zo tana ɗingishi. Ta ce, "Ɗana, faɗuwa ba mutuwa ba ce. Kusan rabin dajin nan kai suka zaɓa, kuma suna nan. Ka zauna da mu. Ka tsaya mana a mashaya, in masu farce sun taɓa ɗayanmu ka yi magana. Wani zaɓen na tafe."

Gwanki ya ce, "Iya, ke ba a taɓa yi miki kirari aka daina ba. Shirun nan kashe ni zai yi."

Tana fita sai ga Kura, ta zube ta kwashi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, babba kamarka a cikin rana? Uwar ɗakina ta ce ka shigo inuwa a tafi tare. In wa'adinta ya cika ba za ta sake tsayawa ba. Kai za mu tsayar."

Gwanki ya miƙe tsaye. Ko sallama bai yi wa jama'arsa ba, sai ya bi Kura.

Da suka isa ƙofar fada, sai Kura ta tsaya. Ta ce, "Yallaɓai, zamanmu a ciki a matse yake. Ƙahonnin nan za su tsone wa wani ido."

Ya ce, "Da su nake kare kaina."

Ta ce, "Daga wa? Ai ka zama ɗan gida."

Sai ya je ga dutse ya yi ta karo, har suka karye, jini na bin fuskarsa. Aka shigar da shi, aka ba shi wurin zama can baya, kusa da inda ake zubar da ƙasusuwa.

Aka kwana biyu, sai Kura ta dawo. Ta ce, "Yallaɓai, ana raɗe-raɗin jikinka ne a nan, zuciyarka tana can. Ka fita ka wanke kanka."

Sai Gwanki ya je gindin kuka, ya tara jama'a. Ya ce babu wanda ya raba kanwa, ƙarya ce. Ya ce waɗanda suka bi shi a da ba su san ciwon kansu ba. Su Barewa suka sunkuyar da kai, suka watse ɗaya bayan ɗaya. Carki ya sauko ya yi masa kirari baki ɗaya, ya koma reshensa. Ran nan Gwanki ya ci ciyawa har ya ƙoshi.

Rani ya yi tsanani, zaɓe ya matso. Sai Kura ta sake zuwa. Ta ce, "Saura abu ɗaya, takara ta zama taka. Akwai wata fadama a ɓoye, inda masu cin ciyawa ke ajiye 'ya'yansu da rani. Shugaba tana so ta san ko'ina a ƙasarta."

Gwanki ya san wurin. A fadamar nan uwarsa ta raine shi. Ya ce, "Gani kawai za a yi?"

Kura ta ce, "Gani kawai."

Ya san ƙarya take yi. Amma sai ya wuce gaba, masu farce suka bi sawunsa. Ya tsaya a bakin kurmi, ya juya baya. Kukan ƙanana bai daɗe ba. Waɗanda suka tsira suka ƙetare kogi, suka bar dajin.

Ranar fitar da ɗan takara, sai Damisa ta yi miƙa, ta ce ita za ta sake tsayawa. Gwanki ya ce, "Ranki ya daɗe, alkawarin fa?"

Ta ce, "Takara da jama'a ake yin ta. Ina naka? Kawo su, in sun fi nawa in janye."

Sai ya fita a guje. Ya kira Barewa, shiru. Ya kira Zomo, shiru. Ya isa bakin kogi, ya hango tsohuwar Gada a ƙetare, ita kaɗai. Ya ɗaga murya, "Iya, ni ne! Ki tara mini jama'a, wannan karon namu ne!"

Ta dube shi. Sannan ta ce, "Jikokina na cikin fadamar." Sai ta juya ta shige ciyawa.

Gwanki ba shi da wurin zuwa, sai ya koma fada. Ya tarar da masu farce kwance da yunwa, don babu sauran abin farauta a dajin. Yana shiga duk suka ɗago kai. Kura ta matsa masa wuri, ta ce, "Yallaɓai, yau ba baya za ka zauna ba. Shigo tsakiya."

Ya gane. Ya waiwaya, an riga an tsare ƙofa.

Ranar zaɓe Damisa ta tsaya ita kaɗai a gindin kuka, babu wanda ya wahalar da kansa neman tsakuwa.

To, kun ji. Wanda ya faɗi ya riƙe jama'arsa, yana iya tashi gobe. Wanda ya sayar da su don ya samu inuwa, ranar da aka gama cin su, shi za a juyo a ci.

Ƙurunƙus kan kusu, tatsuniya ta koma dawa.