Rumbun Makokin Sarki Nomau

An yi wani sarki a ƙasar kan duwatsu, sunansa Nomau, wanda ya karɓi bishara tun yana saurayi, aka yi masa baftisma a rafin bayan gari rana ɗaya da abokinsa Filibus, wanda daga baya ya zama wazirinsa. Tare suka yi kiwon awaki, tare suka yi furfura, har idan fada ta watse sarki yakan tuɓe takalmi ya ce, "Filibus, matso mu ɓare gyaɗa, sarauta ta tafi hutawa."

A ƙasar nan akwai wata al'ada ta tun fil azal. Kowane sarki yana da rumbu guda a bayan gidansa, ana ce da shi rumbun makoki. Duk shekara bayan girbi akan zaɓi dawa mafi kyau a zuba ta sama, a sake liƙe bakin da laka, ba a ɗibar ko zangarniya ɗaya sai ranar da sarki ya rasu, sa'an nan a fasa a ciyar da masu ta'aziyya. Da yawan kwanakin da aka yi ana ci ake auna girman sarki bayan ransa. A makokin Barmo, mahaifin Nomau, kwana goma sha biyu aka yi, ana kuwa ta faɗa.

Wata shekara fara ta sauka ta cinye gonaki. Da damina ta gaba ta kai tsakiya, rumbunan talakawa suka zama wayam, mata suna dafa rama ba ko gari. Sarki ya raba hatsin fada duka, ya sayar da shanunsa, ya mai da cinsa sau ɗaya a yini. Rumbun makoki kuwa ba wanda ya ambata, domin ba a taɓa jin an fasa shi mai shi yana numfashi ba.

Ran nan bayan sujadar Lahadi, sarki ya ce a gaban majalisa, "Waziri, ina da mas'ala. Shekara arba'in ke nan ina neman Mulkin Allah. Na ƙone layun kakannina, na gina majami'a, ban danne haƙƙin maraya ba. Amma in na durƙusa addu'a, sai in ji rabin zuciyata ya fita ya bar ni. Akwai abin da nake riƙe da shi ban sani ba. Na ba ka kwana uku, ka nemo mini shi."

Filibus ya san amsar tun kafin sarki ya rufe baki, domin ya sha ganinsa da safe yana zagayawa bayan gida, yana shafa jikin rumbun, yana duba ko laka ta tsage. Ya koma gida ya kasa cin abinci. Matarsa Rifkatu ta ce, "Maigida, kana kallon ramar nan kamar ita ta yi maka tambayar."

Ya gaya mata abin da ya sani, ya ce, "In na faɗa, na taɓa abin da ya fi so. Ba rawanin nake ji ba, Rifkatu. Zaman nan namu nake ji, kada ya daina kirana da sunana."

Ta ce, "Ashe kai ma kana da naka rumbun. Shi yana lallashin laka, kai kana lallashinsa, 'ya'yan maƙwabta kuwa kukansu ma ya daina fita."

A rana ta uku Filibus ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka aike ni neman abu ɗaya, na samo biyu. Na farko nawa ne. Na fifita farin cikinka a kan gaskiya, na ga abu wata uku na yi shiru don kada fuskarka ta sauya mini, yau kuwa na tuba. Na biyu naka ne, yana bayan gidanka a liƙe da laka. Ka ba Ubangiji kome, in ban da abin da za a faɗa a kanka ranar da ba ka nan."

Sarki ya dubi Filibus, ya ce a hankali, "Filibus, so kake a binne ni kamar baƙo, a ce ɗan Barmo bai kai ubansa ba?"

"Wasu za su faɗa, ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba. Amma a ranar kana gaban Sarkin da bai ajiye wa kansa kome ba, har ransa ya bayar dominmu. Waɗanda kake tara wa dawar nan kuwa, in aka jira, da yawansu za su riga ka."

Sarki ya miƙe, ya ce a kawo gatari, ya hau tsani da kansa, ya fasa lakar. Dawar da ke sama tana nan ja zir. Da aka kai ƙasa, sai aka tarar gara ta mai da ta shekarun baya gari da ƙura. Ya ɗibi ƙurar a tafinsa, hawaye ya zubo masa, ya ce, "Da na buɗe tun da wuri, da wannan ma wani ya ci." Nan ya durƙusa a gindin rumbun ya yi addu'a, bai tashi da wuri ba. Abin da ya tsira kuwa ya riƙe gari har gero ya nuna.

Da aka koma fada, sarki ya yafa wa Filibus alkyabbarsa, ya ce, "Ka kunyata ni a gaban mutane, tsoho, Allah ya saka maka da alheri. Kai za ka riƙe ƙwaryar rabo, kuma daga yau kada ka ƙara durƙusa mini, wurinka yana nan gefena."

Ku sani, ya ku masu karatu, adalci ba ya tabbata a hannun mai mulki sai ya yarda sunansa ya ragu domin mutanensa su rayu, kuma Mulkin Allah ba a nemansa da rabin zuciya.