Direban da Ya Ƙi Jira a Bakin Rafi

An yi wani mutum, direban akori-kura, mai kai dawa da gyaɗa kasuwannin ƙauye. Shekara talatin yana bin hanya ɗaya. Tun da matarsa Rifkatu ta rasu ya daina ɗaukar fasinja. Kujerar gefensa ba kowa, sai jarkar ruwa da tsumman goge gilashi.

A hanyar nan akwai wani rafi marar gada, siminti kawai aka shimfiɗa a ƙasansa. A gefen mashigin akwai dutse da direbobi suka shafa wa farin fenti. Dokarsu ita ce, in ruwa ya rufe fentin kowa ya kashe mota ya jira, in fentin yana waje a wuce.

Wata ranar kasuwa, cikin tsakiyar damina, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutumin ya kunna fitila, ya rage gudu, ya bi a hankali, gama shi ba mai ganganci ba ne. Da ya iso rafin wajen ƙarfe biyu, ruwan saman ya tsagaita. Ya tarar da motoci uku a tsaye, direbobinsu suna zaune a rumfar wata mai gasa masara. Ya dubi dutsen, ya ga fentin a waje, kamar faɗin yatsa huɗu.

Wani tsohon direba mai suna Ishaya ya zo bakin tagarsa, ya ce, “Maigida, kashe ta ka zo mu ci masara.”

Ya ce, “Ai fenti yana waje.”

Ishaya ya ce, “Yana waje, amma dubi ruwan. Jawur yake, ga karan dawa yana bi. Wannan ruwan da ke gangarowa daga kan duwatsu ne, kansa kawai ya iso.”

Mai masara ta yi dariya, ta ce, “Haba Baba, wa yake jiranka da ba zai iya haƙurin awa biyu ba?”

Maganar ta soke shi, gama ba mai jiransa. Ya kuma san in ya zauna a rumfar nan za a tambaye shi iyali, shi kuwa ya gaji da amsawa. Sai ya sa giya ɗaya, ya shiga.

Yana kaiwa tsakiya ruwa ya kai ƙofa, injin ya sha ruwa ya mutu. Ya waiga wajen dutsen, babu fenti, babu dutse. Motar ta fara karkata. Ya fita ta taga, ruwa ya kwashe shi ya buga shi a jikin wata bishiyar giyayya, ya rungume reshe. Nan ya daɗe shi kaɗai. Yana ganin bakunan mutane suna motsi a gaɓa, amma ƙugin ruwa ya hana shi jin kome. Ya kira sunan Rifkatu, daga baya ya kira sunan Ubangiji.

Direbobin suka kwance igiyoyin kayansu, suka ƙulla su wuri ɗaya, suka yi ta jefawa har ya kama. Suka ja shi waje. Mai masara ta zaunar da shi kusa da garwashi, ba ta tambaye shi kome ba. Kafin la'asar ruwan ya janye, motoci ukun suka haye, ko rabin taya bai jiƙe ba. Tasa tana can ƙasa a kwance, cike da yashi.

To, ga ma'anar misalin, 'yan'uwana. Fentin nan shi ne sanin da muka tara. Gaskiya yake faɗa, amma abin da ya iso kawai yake nunawa, bai san abin da yake tafe ba. Rumfar kuwa taron masu bi ce, inda Allah yakan sa gargaɗi a bakin ɗan'uwa. Baƙin ciki yakan sa mutum ya guji jama'a, ya ce sauri yake yi.

Kai mai tuƙi, in ka ga jan ruwa a kan hanya, kashe mota ka jira. Kai kuma da gidanka ya yi shiru, kada ka wuce rumfar. Igiyar da za ta cece ka tana hannun waɗanda ka ƙi zama da su.