Yadda Nezihe Ta Koyi Fita daga Rast

An ce a birnin Santambul an yi wata makaɗiya, Nezihe, mai kaɗa ud, molon nan nasu mai ƙaton ciki. Hannu kam Allah ya ba ta, abu ɗaya ne ya gagare ta. Kiɗan ƙasar yana da hanyoyi da ake kira makam, kowace da mafarinta da masaukinta, gwani kuwa shi ne mai fita daga wata ya shiga wata. Ita da ta bar hanyar da ake kira Rast za ta shiga ta Hijaz sai ta ɓace, ba gaba ba baya. Shugaban ƙungiyarsu ya ce in ta sake ɓacewa a wasan jibi, kujerarta ta zama ta wani.

Ta tambayi Baturke, ta tambayi Bagirke, ta tambayi mutumin Armeniya, kowa ya ba ta nasa sunan da nasa bayanin, kanta ya ƙara ɗaurewa. Tsoro ya kama ta sosai.

Ran nan da hantsi tana ta fama a shagon mai gyaran molo, sai tsohuwar kyanwar shagon ta buɗe ido ɗaya ta ce, "'Yar nan, kin hana ni barci. Kina tuna mini da Kiriyako."

Nezihe ta ce, "Wane ne shi, Iya?"

Kyanwa ta ce, "Wani Bagirke ne mai goge. An kira shi bikin Armeniyawa, ana cikin rawa, gogan naka ya so ya nuna gwaninta, ya yi tsalle daga kiɗan murna ya faɗa na baƙin ciki. Masu rawa suka tsaya cirko-cirko, uwar amarya ta fashe da kuka, ta zaci saƙon mutuwa ya zo. Shi kansa ya rasa inda yake. Sai wata tsohuwa, Siranush, ta ja shi gefe ta ce, 'Ɗana, zauna ka ji labarin mahaifina.

"'Makaho ne. Da muka tashi daga tsohuwar unguwa, a keken doki muka ɗauko shi muka dire a sabon gida. Kullum sai ya fita ya ɓace, a tsinto shi yana laluben ƙofar mutane yana faɗa. Rannan yayana ya kai shi famfon da ke tsakanin unguwannin biyu, inda ya shekara arba'in yana wanke fuska. Suka zauna, ya sha ruwa, ya shafa dutsen famfon, sai da hankalinsa ya kwanta, sannan suka taka a ƙasa zuwa sabon gida. Bai ƙara ɓacewa ba. Kai kuwa a keken doki ka kwaso mu.'"

Kyanwa ta yi hamma ta ce, "Ke ma haka kike yi wa kunnena tun safe."

Nezihe ta ce, "Iya, ni fa ban gane ba. Famfo zan nema?"

"Kai, wannan yarinya. A cikin sautukan Rast babu wanda Hijaz ma take da shi?"

Nezihe ta duba tsirkiya, ta ce, "Akwai. Kullum ina wuce shi a guje."

"To, je ki zauna a kansa."

Ta ɗauki ud ta shiga Rast. Da ta iso sautin nan sai ta tsaya, ta maimaita shi, ta kewaya shi, ta dawo, har ita kanta ta daina jin na wace hanya ne. Ta ci gaba da taka tsirkiya a hankali.

Can kyanwa ta gaji da jira, ta ɗaga kai ta ce, "To zaman ya isa haka. Yaushe za ki shiga Hijaz ɗin?"

Nezihe ba ta ɗaga hannu daga tsirkiya ba. Ta ce, "Gaskiyarki ce duka, Iya. Ai tun ɗazu muna ciki."