Jan Rubutu a Gefen Fayil ɗin Mantau

Ku gyara zama, ga wata na kawo muku ku raba mini gardamarta.

A wani kamfanin matsar man gyaɗa an yi wani magatakarda, Malam Barmo, wanda ya koyi rubutu a makarantar mishan, irin mai haɗe-haɗen nan da ya kwanta gefe guda. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da fayilolin ma'aikata. Ranar da aka ɗauki wani ƙato mai suna Mantau aikin kula da inji, ya raɗa wa Barmo cewa wata allura ta taɓa kusan kashe shi, amma kada a ji, don yana kunya a ce ƙato na tsoron allura. Barmo ya tambayo sunanta a asibiti, ya rubuta da jan biro a gefen takarda.

Gab da ritayarsa aka kawo Tasalla, wadda za ta zuba bayanan ma'aikata a manhajar da ke ajiye su a intanet, a buɗe daga ko'ina. An ce mata suna, muƙami da ranar kama aiki sun isa. Barmo yana kallo, zuciyarsa na ciwo. Ita ce ta lura da shi.

"Baba, wannan tsutsar rubutun naka fa ba ni iya karantawa," in ji ta, "amma ba zan bar ta ba."

Mako uku ta ƙara tana ɗaukar hoton kowane shafi tana liƙawa a manhajar. Da damina rufin sito ya rufta, takardun suka zama kunu.

Bayan shekara biyu, ƙarfe ya yanki Mantau a wani rumbun sayen gyaɗa na kamfanin, can nesa. Ya ɓoye ciwon har ya ruɓe, zazzaɓi ya ɗauke masa hankali. Jatau direba ya saɓe shi zuwa asibitin ƙauye. Jatau bai iya karatu ba, sai dai ya taɓa jin Tasalla na cewa kowane ma'aikaci yana da ɗakin bayanansa a cikin waya. Da nas ta zuƙo allura tana tambaya ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, sai ya tare gadon da faɗin ƙirjinsa.

"Hajiya, zage ni in kin ga dama, amma ki jira."

Ya kira Tasalla, ta buɗe fayil ɗin a wayarta, ta ga jan rubutu, ta kasa karantawa. Ta hau babur sai gidan Barmo. Tsohon ya manta da maganar sarai, idonsa kuma ya yi rauni. Ta buɗa masa hoton har harafi ɗaya ya cika fuskar wayar. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya gane rubutun ƙuruciyarsa, ya faɗi sunan allurar. Tasalla ta buga wa Jatau waya ta faɗa masa, ashe ita ce a hannun nas ɗin.

Mantau ya warke. Ga shi yanzu ya sa sabuwar riga, matarsa ta cika masa kwano da dambun nama, ya tsaya a ƙofar gida ya rasa inda zai fara kai godiya.

To, ƙofar wa ya kamata ya fara yi wa sallama, ta Barmo, ta Tasalla, ko ta Jatau?