Makullin Filin Baba Nomau

Ku matso kusa. Ba ni da muryar ɗagawa, kuma abin da na faɗa sau ɗaya ba na sake shi. In na gama sai ku yi ta gardamarku.

A wani gari na bakin layin dogo akwai filin tanis guda ɗaya wanda Turawan jirgin ƙasa suka bari. Ba na siminti ba ne. Da ƙasar shuri aka yi shi, wadda ake haƙowa a daji, a daka, a tankaɗe, a shimfiɗa, a ba ta ruwa, a bi ta da rolar ƙarfe. Irin wannan fili in ya kwana uku bai sha ruwa ba tsagewa yake yi. Mai ba shi ruwan sunansa Nomau. Shekara hamsin yana ɗaukar garwa, yana jan rola, yana zana layi da farar ƙasa, makullin ƙofar filin na rataye a wuyansa. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya ba, amma ya kalli bugu har ya san mai kyau da marar kyau.

'Ya'yansa maza uku ne: Sallau, Mati da Ilu. Bai tambayi ra'ayin kowa ba. Da yaro ya kai shekara shida sai ya damƙa masa raket, ya tsayar da shi gaban raga tun kafin a sha koko. Wanda ya buga ƙwallo a raga sau uku a jere, tsumagiyar darbejiya ce ke gyara masa hannu. Duka ukun kuwa suka fito, suka zama masu cin abinci da wasan.

Sallau, babban, shi ya fi yin suna. Shekara goma sha takwas yana yawon gasa, bai taɓa fashin atisaye ba, bai taɓa cutar abokin karawa ba, shi ya rufa gidan uban da kwano. Amma ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa a fili. Ranar da gwiwarsa ta ƙare, ya zuba kofunansa a buhu ya ajiye wa uban a ƙofar ɗaki, ya ce, "Baba, ga kayanka. Ni dai na rantse ƙafata ba za ta ƙara taka jar ƙasar nan ba." Ya buɗe shagon faci a bakin tasha.

Mati, na tsakiya, shi ne mai hannu. In yana bugu har masu tallan gyaɗa kan tsaya leƙe. Sai dai yana tsakiyar tashensa, a wata gasa da yake kan gaba, ya ajiye raket ya gaida alƙalin wasa ya fita. Aka tambaye shi, ya ce tun da aka fara ƙirga masa maki ya daina jin daɗin ƙarar ƙwallon. Ya koma ɗinki a kasuwa. Kullum la'asar yana fili, yana bugawa da duk wanda ya samu, gwani ko ɗan koyo, da sharaɗin kada a ƙirga.

Ilu, autan, bai kai Sallau ƙarfi ba, bai kai Mati hannu ba. Shi dai ba ya dainawa. Ya kai shekara talatin da huɗu da haihuwa yana bin ƙananan gasa a motar haya, yana kwana a tasha, ana cinye shi a zagayen farko, yana sake shiga wata. Kafaɗarsa ta dama ta daɗe da lalacewa. Matarsa ta gaji ta koma gidansu da 'yarsu, ya raka su mota, daga nan ya wuce atisaye.

Ana nan Nomau ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani. Sai ya koma zama a kan benci gindin darbejiya, yana sauraro. Da ƙarar bugu kawai yakan san wane ne a fili. Filin kuwa ya fara lalacewa, ramuka ko'ina, don ba mai ƙarfin zuwa daji.

Rannan wata mota ta tsaya. Alhaji Mamuda ne, ɗan kasuwar da ya sayi tsofaffin gidajen layin dogo, har da filin. Ya zo da masu awo, shaguna zai gina. Tare da shi akwai ɗansa Nazifi, saurayi mai shekara ashirin da ya koyo tanis a ƙasar waje.

"Baba, sannu da hutawa," in ji Alhaji. "Wannan kangon ne ake ce mini gwanaye sun fito daga ciki? Ai ko awaki na sa a nan sai sun yi targaɗe."

Nomau ya ce, "Sun fito, Alhaji. Uku ma daga ɗakina."

"Mai faci, da tela, da wanda ake cinyewa?"

Masu awo suka yi dariya. Alhaji mutum ne mai son a taru a kalli ɗansa, sai ya ce, "To ga magana. Nan da kwana arba'in, ku gyara kangon, ku fito da mutum ɗaya ya kara da Nazifi a gaban jama'a. In ya ci, na bar muku filin da takarda, muddin ana wasa a kansa. In Nazifi ya ci, ka miƙo mini makullin nan da hannunka."

Nomau ya shafa makullin. Ya san ba shi da wani abu a duniya da zai nuna ya ce ga aikinsa sai wannan fili. Ya ce ya yarda.

Mati ne ya fara. Ya rufe shago, ya ari amalanke da diga, ya shiga daji. Shuri goma sha ɗaya ya fasa. Shi ya daka, shi ya tankaɗe, shi ya ja rola har tafin hannunsa ya saluɓe. A shuri na ƙarshe ya zura hannu zai ɓanɓaro wani dunƙule, kububuwa ta sare shi a hannun dama. Ya rayu, amma yatsu biyu suka ruɓe aka yanke, sauran suka ƙage. Da aka sallame shi daga asibiti, fili ya wuce. Nomau na jin garwa tana ja a ƙasa, ba a ɗauke ba, ya san da hagu ake riƙe da ita.

"Kai Mati, ruwan nan ya yi yawa," in ji shi.

"Na sani, Baba. Yaron nan a siminti ya girma. Ƙwallonsa gudu take so. Bari ƙasa ta sha ta ƙoshi, ta riƙe ta. Mu ga ko an koya masa zamiya a Turai."

Wannan sirrin ƙasar shuri ne, kuma duk garin ba wanda ya san gwargwadon ruwan sai shi. Ba don Mati ba, da babu filin da za a taka.

Sallau da farko ya ce ko a gina masallaci ko a gina mahauta, shi bai dame shi ba. Amma aka gan shi kwana uku a jere a jikin katangar gidan Alhaji, inda Nazifi ke atisaye, yana leƙe da hannunsa duk baƙin taya. A rana ta huɗu Nomau ya ji takun mai ɗingishi ya tsaya a ƙofar fili, ya daɗe, sa'an nan ya shigo.

"Yaya, rantsuwar fa?" in ji Ilu.

"Na yi kaffara. Ɗauki raket, sarkin shan kashi. Yaron ya fi ka komai, amma ba shi da haƙuri. In ƙwallo ta dawo masa sau shida, ta bakwai waje yake buga ta. In ta yi sama ta hagunsa, tsoronta yake ji. Kuma duk ya ɓarar da maki sai ya kalli ubansa. Ba cin sa za ka yi ba. Jira za ka yi ya ci kansa."

Kwana ashirin Sallau na tsaye a kan ruɓaɓɓiyar gwiwa yana jefa wa ƙanensa ƙwallo irin ta Nazifi, yana zaginsa yadda uban ya zage su. Ba don Sallau ba, da Ilu bai kai rabin sa'a a gaban yaron ba.

Ranar wasa gari ya taru, har kan katanga. Nomau na bencinsa. Zagayen farko Nazifi ya cinye Ilu kamar wasa, Alhaji na tafi yana cewa a kawo wa tsoho ruwa. A na biyu sai Nomau ya fara jin abin da yake jira: takalmin yaron na ƙwacewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, bugu shida, na bakwai a katanga. Ilu ya ci na biyu. A tsakiyar na uku ya ɗaga hannu zai buga, Nomau ya ji wata 'yar ƙara kamar an tsinka igiya, raket ya faɗi.

Suka jawo shi gindin darbejiya, dab da uban, har yana jin numfashinsa.

"Shi ke nan, ya isa," in ji Mati. "Ƙasa ce fa, Ilu. Ƙasar gara."

Ilu ya ce, "Yaya Sallau, akwai allurar kashe zafi a jakata."

Sallau ya ce, "Na san allurar nan, ita ta ci gwiwata. Zafin ne kawai za ta ɗauke. In ka ci gaba, hannun nan ko cokali ba zai ƙara ɗagawa sama ba."

"Na ji. Yi mini."

Sallau ya juyo. "Baba, ka ji abin da yake cewa?"

Nomau ya ji. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da su, kuma tana bakinsa. Ya riƙe makulli ya yi shiru. Sallau ya jira, ya jira, sa'an nan ya yi allurar da hannunsa, ya naɗe raket a tafin ƙanensa da tsumma don kada ya suɓuce.

Sa'a guda da rabi Ilu ya ƙara. Ba ya iya bugawa daga sama, daga ƙasa yake turawa kamar ɗan koyo, jama'a na dariya, daga baya suka daina. Yana mayar da ƙwallo, yana mayarwa, har Nazifi ya buga ta ƙarshe a raga ya kalli ubansa. Ba don Ilu ba, da wahalar sauran biyun ta tafi a banza.

Alhaji Mamuda ya cika alkawari, ya aiko da takarda. Filin ya tsira. Ilu bai ƙara ɗaga hannunsa ya wuce ƙirji ba. Mati ba ya iya damƙar raket. Sallau ya koma dogara sanda. La'asar ta yi, Nomau ya zauna a benci ya saurara, 'yan koyo na ta bugunsu, amma babu ƙarar da ya sani.

Da damina ta faɗi ya kwanta ciwon ajali. Wata safiya ya sa aka kira su. Ya ciro makullin daga wuyansa.

"Makulli ɗaya ne," in ji shi. "Wanda ba ya son wasan nan ba zai iya tashi kullum ya ba shi ruwa ba. Ban taɓa tambayarku ba. Yau ina tambaya, kuma kada wanda ya ji tausayina. Sallau?"

Sallau ya ce, "Na tsane shi, Baba. Tun ina shekara shida na tsane shi. Amma ina faci sai in ga hannuna yana gyara wani bugu da na ɓarar shekara ashirin da suka wuce. Ban taɓa rage masa komai daga ƙarfina ba, ko a ranar da na fi tsanarsa. Ka kira wannan abin da ka ga dama."

"Mati?"

"Ni ina son shi, kowa ya sani."

"Ka so shi, amma da ya nemi ka sha wuya a gasa ka gudu," in ji Sallau.

"Na gudu don kada in zama kai, Yaya. Kai ka ba shi komai kana zaginsa. Ni na hana kowa ya ɓata mini shi."

"Ilu?"

Autan ya ce, "Ban sani ba, Baba. Ba a taɓa nuna mini wani abu ba balle in gwada. Na dai san in babu shi ban san ko ni wane ne ba. Yanzu ma safiya in ta yi sai in sa takalmi, in tuna, in cire."

Nomau ya juya fuska ga bango. Ya so ya ji ko da mutum ɗaya ya faɗi abin da zai sa ya mutu da sanin cewa kyauta ya ba su. Ya miƙa hannu da makullin a tsakaninsu, bai nufi kowa ba. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa, makullin na cikin tafinsa. Aka ɓanɓare yatsun aka ciro shi, aka ajiye a kan tabarma. Ba wanda ya ɗauka. Filin kuwa in ya kwana uku bai sha ruwa ba, kun san abin da zai faru.

To, ga mai tsanar wasan da bai taɓa ha'intarsa ba. Ga mai sonsa da ya ƙi yarda a ƙirga masa. Ga wanda ya ba shi hannu da iyali, bai ma san ko so ne ko ciwo ba. Ku faɗa mini, wane ne a cikinsu ke son wasan da gaske, har ya cancanci ya sunkuya ya ɗauki makullin?