Dila da Tauraron Jariri

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Iya.

A can ƙasar Hindu aka yi wani maginin tukwane, sunansa Damodar. Matarsa Sarala ta haifi ɗa namiji. A ƙasar nan kowane jariri da tauraronsa. Mai duba ne yake faɗin tauraron, daga nan a san rabon yaro da harafin farkon sunansa.

To, an yi haihuwar mai duban garin ya tafi ziyara bakin babban kogi. Dila ya samu rumfarsa ba kowa. Ya yafa mayafinsa, ya buɗe littafinsa a juye, ya zauna.

Damodar ya zo ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, an yi mini haihuwa da hantsi."

Dila ya girgiza kai. "Da hantsi? Wa ya taɓa ganin tauraro da hantsi? Ɓuya ya yi, yunwa yake ji. Kada ka kalli fuskar yaron sai tauraron ya huce. Me kuke da shi a gida?"

A gida kuwa akwai Ambika, uwar Sarala, tsohuwa masaniyar magani. Tun ciki na wata bakwai ta tanadi man shanu na abincin maijego, da man riɗi na shafa wa jariri, da lallausan bargo.

Damodar ya ɗauko man shanu ya kai. Dila ya ce, "Ajiye nan, ni zan miƙa masa." Maijego ta ci abinci gaya, nono ya ragu, yaro ya yi ta kuka.

Damodar ya koma. "Ranka ya daɗe, yaro kuka yake."

"Dole ya yi. Tauraron ya ƙoshi, amma fatarsa ta bushe."

Damodar ya ɗauko man riɗi ya kai. Aka daina yi wa jariri tausa, fatarsa ta fara tsagewa.

Ya sake komawa. Dila ya ce, "Saura kaɗan. Ka san sama da sanyi."

Damodar ya shiga ɗaki da baya da baya, don kada ya ga ɗansa. Ya laluba ya kamo bargo. Sai Ambika ta riƙe ɗaya gefen.

"Ɗan nan, ina za ka kai wannan kuma?"

"Inna, tauraro ne yake jin sanyi."

"Shi wanda ke cikin bargon fa?"

Damodar ya saki bargon, idonsa ya kawo ruwa. Kwana tara yana jin kukan ɗansa, bai san kamanninsa ba.

Ambika ta ce, "Bari in je in gaishe da masanin nan."

Ta kirɓa ganyen darbejiya, ta tace, ta zuba man zurma mai wanke ciki, ta cika tulu. Ta gayyato maƙwabta suka bi ta. Suka tarar da Dila ya yi ƙiba, gashinsa sai ƙyalli yake.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, mun gode da wahala. Man shanu tulu guda tauraro ya sha?"

"Tas ya shanye, Inna."

"Ai kuwa zai kwanta ciwo. Shekara arba'in ina ba da magani, na san aikin maiƙo. Ga magani, a miƙa masa."

"Ajiye nan."

"A'a, da ɗuminsa ake sha. Ta hanyar da man ya bi, ta nan magani zai bi. Muna kallo."

Dila ya dubi maƙwabta. Kowa ya zuba masa ido, wasu da sanduna. In ya ƙi sha, asirinsa ya tonu. Ya sha kofi ɗaya.

"Tauraro ya ce ya gode, ya warke."

"Bai warke ba, ga cikinsa nan a kumbure." Ya sha na biyu.

"Inna, tauraro ya ce yaron nan mai sa'a ne."

"Madalla. Shanye na ukun."

Yana shanyewa cikinsa ya murɗa. Ya yar da mayafi, ya yanki daji a guje.

Bayan kwana biyu mai duba ya dawo. Ya tambayi ranar haihuwa da sa'arta, ya yi lissafinsa, ya ce tauraron yaron na ciyarwa ne, mai albarka, kuma sunan yaro ya fara da "He". Aka sa masa Hemanta.

Ambika ta samo wani mai, ta ɗumama, ta shafe jikan nata tun daga ka har tafin ƙafa. Ta miƙa wa uban shi. Damodar ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Inna, ashe hancina ya ɗauko."

Ta ce, "Wannan kam ba laifin tauraro ba ne."

Dila kuwa har yau cikin bai daina murɗa masa ba. In kun ji shi ya ɗaga kai sama yana kuka, taurari yake kai wa ƙara, su kuma ba su ma san shi ba. Ku kuma in kun girma, duk wanda ya ce ku cire bargo daga jikin jariri ku ba shi, ku duba wa zai rufa da shi.

Nan ta tsaya, ƙurunƙus.