Jar Robar Malam Tanimu

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, shekarun baya can. Bakanike ne, ana ce masa Malam Tanimu. Ba shi da wani katafaren gareji. Rumfar kwano ce, da rami guda, da akwatin sifanu, sai butarsa a gefe. Amma duk garin an shaide shi da abu ɗaya: motar da ta fita daga hannun Tanimu ba ta dawowa da ciwon da ya kawo ta. Shekara talatin yana tara wannan suna, kuma ban da shi bai ajiye komai ba.

To, akwai wani attajiri a garin, Alhaji Tukur, ya sayo mota daga ƙasar waje, irin masu gudun tsiyar nan, ƙofa biyu, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. In ta yi gurnani a bakin kasuwa, har masu awo sai sun ɗago kai. Da lokacin juyen baƙin mai na farko ya yi, wurin Tanimu aka kai ta. Ya juye, ya kwance filta, wato matatar nan da ke tace man inji, ya ɗaura sabuwa, aka tafi ana sa albarka.

Ba a rufa sati biyu ba, baƙin man ya fara raguwa. Alhaji ya ce ai dama wannan mota ta fi ƙarfin rumfar kwano, ya kwashe ta zuwa manyan garejojin birni. Na farko ya ga danshi a gindin filta, ya ce jabu ce, ya canza. Na biyu ya ce ba a ɗaure ba, ya canza, ya ɗaure tamau. Na uku ma haka. Filta uku, ku ji fa, mai bai fasa tafiya ba. Kuma abin mamaki, in motar ta kwana a gida, ko ɗigo ba a gani a kan siminti.

Nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Alhaji yana da direba, wani dattijo, Malam Ilu, shekara ashirin da biyu yana tuƙa shi. Shi ke riƙe makulli, shi ke kai ta wanki. Alhaji ya ce, "Mota ba ta ɗiga, mai yana tafiya. To ƙafa gare shi?" Ya kira Malam Ilu a ƙofar gida, a gaban mutane, ya ce masa ɓarawo, ya karɓe makulli. Dattijon nan ya rantse har muryarsa ta dushe, ba wanda ya saurare shi. Daga ranar ya daina fitowa majalisa. Ko masallaci sai an tayar da salla yake shiga, ya tsaya a sahun baya.

Kwana biyu da yin haka, Alhaji ya turo hancin motar rumfar Tanimu. Ya ce, "Malam Tanimu, tafiya gare ni gobe. Na kori ɓarawon, yanzu sai ka cika mata mai, ka ɗan dudduba ta."

Da wani ne, da ya cika mai ya sallame shi. Tanimu ba haka yake aiki ba. Ya ce a ba shi ita ya ji ta a hanya. Ya fita bayan gari, ya taka ta sosai, ya dawo ya ɗora ta a rami, ya kwance farantin da ke rufe ƙarƙashin injin. Sai ga shi jage-jage da mai. Ashe sai an ba ta wuta take fesowa, farantin ya tare, iska ta kwashe sauran a hanya. Shi ya sa ba ta ɗiga a gida.

Ya jira inji ya huce. Filtar motar nan a wani lungu take, ido ba ya kaiwa, sai dai hannu. Ya kwance ta, ya zura yatsa yana shafa mazauninta a hankali. Sai ya ji wani ɗan tudu. Ya sa farce ya ɓanɓaro.

Ku saurara, a nan maganar take. Kowace filta tana zuwa da zoben roba a bakinta. Wani lokaci in an kwance tsohuwa, robarta sai ta maƙale a jikin inji. In ba ka lura ba ka ɗora sabuwa a kai, roba ta hau roba, to duk ƙarfin da za ka ɗaure sai ta yi yoyo. Abin da ya fito a yatsan Tanimu ke nan, tsohuwar roba ta daskare. Ya goge ta da tsumma, sai ya ga ja ce. Duk filtocin kasuwarmu baƙar roba gare su. Jar roba ta filtar da motar ta zo da ita ce daga waje, kuma hannu ɗaya ne ya taɓa kwance wannan filta. Hannunsa.

Ya daɗe a tsugune cikin ramin nan. Ba wanda ya gani, daga shi sai Allah. In ya jefar da ita ya yi shiru, mai zai daina raguwa, Alhaji zai ce, "Kun gani? Ina korar sa abin ya tsaya." Shi ke nan Malam Ilu ya tabbata ɓarawo har kabarinsa. In kuwa ya faɗa, sunan shekara talatin ya zube. Wallahi ina jin tausayinsa a wannan wuri, don ba dutse ba ne, mutum ne mai iyali.

Ya fito daga rami, ya buɗe tafin hannunsa. Ya ce, "Alhaji, ga ɓarawon manka." Ya yi masa bayani dalla-dalla.

Alhaji ya zabura. "Wato 'yan birnin nan ne suka cuce ni! Wallahi sai na yi shari'a da su."

Kun ga an sake buɗe masa wata ƙofar? Kai kawai zai gyaɗa. Sai ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, kada ka ɗauki alhakinsu. Su ba su gano ba ne, amma ni na bar ta. Ranar juyen farko na yi gaggawa, inji da zafi, ban shafa ba. Laifina ne ni kaɗai. Malam Ilu bai taɓa maka ko cokali ba."

Kuna jira in ce Alhaji ya rungume shi ya gina masa gareji, ko? Ina! Zagi ya sha, na ƙare dangi, a gaban maƙwabtansa. Alhaji ya ja motarsa, bai sake dawowa ba, abokansa masu manyan motoci ma suka janye. 'Yan gareji suka laƙaba masa Mai Roba Biyu, sunan ya bi shi har tsufansa. In an kira shi da shi, amsawa yake, ya ce, "Ai gaskiya ne, na yi."

Amma kafin Alhaji ya tafi, Tanimu ya riƙe ƙofar motar ya ce, "Ni ka yi mini duk abin da ka ga dama. Abu ɗaya nake roƙo. A gaban mutane ka kira shi ɓarawo, a gaban mutane za ka wanke shi." Maganar nan ta tsaya wa Alhaji a rai. Ranar Juma'a bayan an sallame, ya miƙe a cikin jama'a, ya kira Malam Ilu, ya ce, "Na zalunci bawan Allahn nan, ku shaida, ina neman gafararsa." Dattijon kuwa, sai hawaye ke bin gemunsa.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Gaskiyar da ba ta ci maka komai ba, kowa ma zai faɗe ta. Ta mutanen Allah ita ce wadda za ka faɗa kana sane kai za ta kayar, don wani marar laifi ya tashi. Tela, magini, malamar asibiti, mai riƙe da ofis, uwa a cikin ɗakinta, kowa ya bincika zuciyarsa. Akwai kuskuren da ka yi, ka yi shiru, wani yake shan zargi a kansa? Shirun nan naka shaidar zur ce, ko da ba ka buɗe baki ba. Kada ka kwana da shi. Ka je ka same su yau, ka ce, "Ni ne." Allah Ya ba mu ƙarfin faɗin haka tun muna da bakin faɗa.